Fritz Ramseyer: Fursunan Sarkin Ashanti da ya koma ya zauna cikin waɗanda suka kama shi

A yau filin namu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa ƙasar Ghana. Duk wanda ya san garin Bawku da ke arewa maso gabashin ƙasar, ya san babban asibitin nan na Ikilisiyar Presbyterian, wanda marasa lafiya ke zuwa daga ƙauyukan kan iyaka, har da na Burkina Faso da Togo. A can ne ma aka fara kai shugaba Kwame Nkrumah ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 1962, bayan da aka jefa masa bom a garin Kulungugu. Ita wannan ikilisiya mai riƙe da asibitin, tushenta shi ne Mishan ɗin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma a cikin mutanen da suka buɗe wa mishan ɗin hanya daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, babu wanda ya sha wuya kamar marigayi Fritz Ramseyer. Ba shi ya gina asibitin Bawku ba, ya rasu shekaru masu yawa kafin a aza harsashinsa. Amma rayuwarsa ta cancanci a waiwaye ta, domin mutum ne da ya shafe shekaru huɗu da rabi a tsare, kullum gari ya waye bai san ko sakinsa za a yi ko kashe shi ba, duk da haka bai yanke ƙauna daga Ubangijinsa ba.

Haihuwarsa da zuwansa Afirka

An haifi Friedrich Augustus Louis Ramseyer, wanda aka fi sani da Fritz, a ranar 7 ga watan Oktoba na shekarar 1840 a garin Neuchâtel, a yankin masu magana da Faransanci na ƙasar Suwizalan. Sana'ar gini ya fara koya. A shekarar 1861 ya shiga makarantar horas da masu wa'azin bishara da ke birnin Basel, sannan a 1864 aka turo shi Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ba a matsayin fasto ba, a matsayin magini mai kula da gine-ginen mishan.

A wancan zamani zuwa wannan yanki tamkar sayar da rai ne ga Bature. Mutanen farko da Mishan ɗin Basel ya aiko a 1828 duk zazzaɓi ya kashe su cikin 'yan shekaru, abin da ya sa daga baya aka mayar da cibiyar aikin kan tsaunukan Akropong inda iska ta fi sanyi. A Akropong ɗin ne Ramseyer ya yi aiki, a can kuma ya koyi harshen Twi, wanda shi ne harshen mutanen Ashanti. Bai san cewa wannan harshe ne zai zama abin da zai rayu da shi nan gaba ba. A shekarar 1866 ya auri Rosa Bontemps, 'yar ƙasarsu, kuma a ƙarshen 1868 aka tura su garin Anum da ke gabashin kogin Volta, inda mishan ke da tasha da kuma wurin sayen auduga.

Yadda aka kama su

Kafin mu ci gaba, yana da kyau mai karatu ya san irin ƙarfin da daular Ashanti ke da shi a lokacin. Waɗannan mutane, da fataken Hausa ke kira Tonawa, su ne ke riƙe da dazuzzukan goro. Tun ƙarni na 18 sarakunan Gwanja da na Dagomba ke aika musu da gandu zuwa Kumasi, har da bayi. Kasuwar Salaga ita ce mahaɗa: ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan biyo ta Yendi su sauka a can da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ɗauki goro su juya gida. Sarkin Ashanti na lokacin shi ne Kofi Karikari, wanda ya hau gadon sarauta a 1867.

A shekarar 1869 sarkin ya tura rundunar yaƙi ƙarƙashin wani jarumi mai suna Adu Bofo, ta ƙetare kogin Volta. Mutanen Anum suka watse suka bar gari. Shi kuwa Ramseyer da abokin aikinsa Johannes Kühne, Bajamushe mai kula da harkar ciniki, suka yanke shawarar zama, bisa tunanin cewa tunda ba ruwansu da yaƙin, ba wanda zai taɓa su. Ranar 12 ga watan Yuni mayaƙan suka iso tashar mishan. Aka ce musu su zo su gaida shugaban rundunar a sansaninsa, suka fita da tufafin jikinsu, Rosa na ɗauke da jaririnsu ɗan wata tara mai suna Fritz. Fitar ke nan. Aka wawashe tashar, su kuwa aka sa su gaba.

Makonni suka yi suna tafiya a ƙasa, cikin daji da hawan duwatsu, ga damina, ga yunwa, wani lokaci da dare a sa musu mari. An bi da su ta ƙasar Kwahu, inda mutanen garin Abetifi suka tausaya musu suka ba su abinci, sannan aka wuce da su ta Agogo. Jaririn ya yi ta ramewa saboda rashin abincin da ya dace da shi, iyayen na kallo ba yadda za su yi. A farkon watan Agusta ya cika a wani ƙauye da ke kan hanya, suka binne shi a can, aka ci gaba da tafiya da su.

Zaman jira

Ba a shigar da su Kumasi kai tsaye ba. An ajiye su a wani ƙauye mai suna Abankoro na tsawon watanni, inda aka haɗa su da wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Marie-Joseph Bonnat, wanda shi ma aka kamo a garin Ho. Ba wanda ya gaya musu laifinsu, ba wanda ya gaya musu ranar da za su ga sarki. A can bakin teku kuwa abokan aikinsu ba su san ko suna raye ba. Wasiƙar da ta fara isa gare su ta fito ne daga David Asante, ɗan sarautar Akropong da ya yi karatu a Basel ya dawo yana aikin bishara. Ya haɗo musu da takarda da fensir da almakashi, domin in ba a bar su sun yi rubutu ba, su yanko gashin kansu su aiko, a san suna da rai.

Kusan shekara guda suka yi babu Littafi Mai Tsarki a hannunsu, sai ayoyi da waƙoƙin sujada da suka haddace tun suna yara. Da su suke addu'a safe da yamma. A 1870 aka matso da su wani wuri kusa da Kumasi, suka gyara 'yan bukkoki, suka raɗa wa wurin suna Ebenezer. Wannan suna daga littafin Sama'ila yake a Tsohon Alkawari, ma'anarsa dutsen taimako, wato shaidar da mutum ke kafawa don tuna cewa Ubangiji Ya kawo shi har inda yake. Abin lura shi ne, a lokacin da suka sa wannan suna ɗansu na kabari, su kuma suna hannun masu tsaro, babu wata alamar saki.

A wannan lokaci ne Allah Ya haɗa su da Yarima John Owusu Ansah, ɗan tsohon Sarkin Ashanti Osei Bonsu, wanda aka ba Turawan Ingila a matsayin jingina bayan yarjejeniyar 1831, ya yi karatu a Ingila ya zama Kirista. Shi ya samo musu Sabon Alkawari da Zabura, shi ne kuma ya riƙa shiga tsakaninsu da fada. A watan Disamba na 1870 aka shigar da su Kumasi, aka sauke su a tsohon gidan Mishan ɗin Wesley, wanda aka kafa bayan ziyarce-ziyarcen da Thomas Birch Freeman ya kai birnin a 1839 da 1841.

Gaskiyar magana, Sarki Kofi Karikari bai wulaƙanta su ba. Yakan ba su garin zinariya lokaci-lokaci don su sayi abinci, yakan kuma aiko musu da kyauta. Sai dai kuma zaman Kumasi na wancan zamani ba mai sauƙi ba ne ga baƙo. Sun ga yadda ake kashe mutane idan wani babba ya mutu, sun ga ayarin kamammun yaƙi da ake shigowa da su a rame, sun kuma ga bayin da aka kawo daga arewa. Sun sani sarai cewa ranar da al'amura suka dagule tsakanin fada da Turawan bakin teku, su ne na farko da za a waiwaya.

Abin da Ramseyer ya yi da wannan lokaci shi ne ya fi ɗaukar hankali. Bai zauna yana ƙirga kwanaki ba. Ya gyara gidan da suke ciki, ya riƙa tara bayi da fursunonin Fante yana yin sujada da su ranar Lahadi, daga baya ya samu izini ya fara wa'azi a bakin titi da harshen Twi. Ya buɗe 'yar ƙaramar makaranta, ko da yake yaran kan zo yau su ɓace gobe saboda tsoron iyayensu. Ya kuma riƙa rubuta abin da ya gani kullum. Matarsa ta haifi 'ya'ya biyu a tsare, ta farkon mace ce da aka haifa a watan Satumba na 1871. Daga baya da sarki ya ji cewa shi magini ne, sai ya sa shi da abokansa su gina masa gida irin na Turawa, suka kama aiki.

Cinikin fansa da dawowa daga bakin ƙofa

Da Adu Bofo ya dawo daga yaƙi a 1871, sai ya ce fursunonin nasa ne, ba zai sake su ba sai an biya shi. A farkon 1872 ya yanka kuɗin fansa na zinariya da ya kai fam 6,480. Aka yi ta ciniki tsakanin Kumasi da hukumomin Ingila na Cape Coast, kuɗin ya sauko zuwa fam 2,000, daga bisani ya dawo fam 1,000. Su kansu fursunonin ba su ji daɗin wannan ciniki ba, domin suna ganin in aka biya, an buɗe ƙofar kama wasu ke nan.

A watan Nuwamba na 1872 aka ce musu su shirya, za su tafi gida. Suka yi sallama da jama'a, suka ɗauki 'yarsu, aka raka su har garin Fomena da ke kan hanyar kogin Pra, wanda shi ne iyaka. Saura tafiyar kwanaki kaɗan su fita daga ƙasar Ashanti. Ashe a daidai wannan lokaci fada ta riga ta yanke shawarar yaƙi, saboda takaicin yadda mutanen Holan suka miƙa garin Elmina ga Ingila a cikin wannan shekarar, alhali Ashanti na ganin garin nasu ne. Aka tsayar da su a Fomena, aka ƙwace musu kaya, aka juyo da su Kumasi.

Duk wanda ya taɓa sa rai ga wani abu har ya ga kamar ya zo hannu, sannan ya kuɓuce, ya san wannan ya fi jiran farko ciwo. Rubuce-rubucen Ramseyer na lokacin ba su ɓoye baƙin cikinsu ba. Amma da suka koma, sai ya sake ɗaukar abin da ya bari: sujadar Lahadi, wa'azin titi, da aikin gini. Haka suka ƙara shekara guda da 'yan kai, abinci na ƙaranci, labarin yaƙi na zuwa iri-iri, ba a san na gaskiya ba.

Sai a watan Janairu na 1874, lokacin da rundunar Ingila ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley ta doso, sarki ya sake su da fatan hakan zai tsayar da yaƙin. An fara sakin Kühne saboda rashin lafiya, sannan ranar 21 ga wata aka saki Ramseyer da iyalinsa da Bonnat. Hakan bai tsayar da Turawan ba. Sun shiga Kumasi ranar 4 ga watan Fabrairu suka sa mata wuta, yayin da wata rundunar ta Kyaftin John Glover, mai ɗauke da sojojin Hausa daga Legas, ta biyo ta gabas. Faɗuwar Kumasi ta girgiza arewa: Salaga da Yendi suka daina biyan gandu, hanyar goro ta rikice, kasuwar Salaga ta fara ja da baya.

Komawa ga waɗanda suka kama shi

Ramseyer ya koma Turai, kuma a 1875 aka buga labarin zamansu da Jamusanci da Turanci, littafin da har yanzu masana tarihin Ashanti ke amfani da shi. Da wani ne, da ya ce ya isa haka. Shi kuwa sai ya riƙa zagayawa yana gaya wa jama'a cewa shi a fahimtarsa, Allah bai kai shi Kumasi a banza ba, kuma yana son komawa. Aka naɗa shi fasto a 1875, ya sake shiga jirgin ruwa tare da matarsa.

Da yake ƙofar Kumasi a rufe take, sai ya zaɓi Abetifi, garin nan da aka yi musu alheri suna cikin mari, ya kafa tasha a can a 1876. Daga kan tsaunin Abetifi ana iya kai wa ga iyakar Ashanti da ke yamma da garin, ana kuma iya bin hanyar arewa. A waɗannan shekaru ne ma'aikatan Basel suka fara leƙa ƙasar Gwanja: Fasto Theophilus Opoku ya je Salaga a 1877 ya rubuta abin da ya gani a kasuwar bayi, David Asante shi ma ya je a 1884 tare da wasu Turawan mishan. Shi Ramseyer ya ziyarci Kumasi a 1881 da 1882 yana neman izinin zama, amma fadar Sarki Mensa Bonsu ta ƙi.

Haka ya yi shekaru ashirin a Abetifi yana jira. A cikin waɗannan shekaru wasu daga cikin 'ya'yansu sun rasu suna ƙanana, matarsa Rosa kuma ta kamu da ciwon shanyewar jiki, wanda bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka ba ta yarda an bar ta a Turai ba. Ya gina majami'a da makaranta, ya horas da malamai 'yan ƙasa, ya kuma koyi ɗaukar hoto, inda hotunansa suka zama cikin tsofaffin shaidun yadda rayuwa take a yankin.

Inda ake sukarsa

A nan akwai wani ɓangare na tarihinsa da bai kamata a ɓoye ba. Da jiran ya yi tsawo, Ramseyer ya shiga sahun masu kira ga gwamnatin Ingila da ta sa hannu a al'amuran Ashanti. Hujjarsa ita ce kashe-kashen mutane da cinikin bayi da ya gani da idonsa. A watan Janairu na 1896 sojojin Ingila suka shiga Kumasi ba tare da an gwabza ba, suka kama Sarki Prempeh na ɗaya, aka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga baya tsibirin Seychelles. A watan Fabrairu Ramseyer ya iso Kumasi, shekaru ashirin da biyu bayan sakinsa, matarsa ta biyo shi bayan 'yan watanni.

Ya samu abin da ya daɗe yana roƙo, amma ta hanyar da ta bar tabo. Mutanen gari da dama sun ɗauki mishan da masu bindiga abu guda ne, kuma masana tarihi na Ghana sun daɗe suna tattauna wannan batu. Mutumin da ya iya jiran Allah a cikin mari, da ya samu 'yanci sai ga shi ya jingina da ƙarfin gwamna. Wannan darasi ne ga duk mai aikin addini, ko wane addini ne, game da haɗarin ɗora sha'anin Allah a kan ƙarfin masu mulki.

Duk da haka, aikin da ya fara yi a Kumasi na jinƙai ne. Gwamnati ta riƙa ƙwato bayi daga hannun masu su, yawancinsu mata da yara da aka kamo daga arewa a zamanin hare-haren Samori da na Zabarmawa, waɗanda ba su san hanyar gida ba. Ramseyer da matarsa suka buɗe musu gida, suna ciyar da su suna koya musu karatu da sana'a. Aka kuma buɗe makarantu a garuruwan da ke kewaye, malaman da ke riƙe da su 'yan ƙasa ne daga Akwapim da Kwahu.

Yaƙin Yaa Asantewaa

Shekaru huɗu kacal aka yi, komai ya sake rushewa. Ranar 28 ga watan Maris na 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Ashanti a Kumasi ya nemi a kawo masa kujerar zinariya, wadda a wurinsu ita ce ran al'umma baki ɗaya. Wannan cin fuska ya tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. A cikin watan Afrilu aka kashe wani malamin bishara ɗan ƙasa mai suna Samuel Otu a garin Techimantia, wanda har yau ikilisiyar ke tunawa da shi. Ramseyer da matarsa da sauran 'yan mishan suka fake a barikin soja na Kumasi, aka ƙone tasharsu, aka yi wa barikin ƙawanya.

Kimanin wata biyu suka yi a ciki. Abinci ya ƙare, mutane na mutuwa kullum a gindin katanga saboda yunwa da cuta. Ranar 23 ga watan Yuni gwamna ya fita da asuba tare da sojojin Hausa wajen 600, suka fasa ƙawanyar suka bi ta daji. A lokacin Ramseyer na dab da shekara sittin. Rosa ba ta iya tafiya, a amuku ake ɗauke da ita, wato shimfiɗar da ake ratayawa a jikin sanda, ga ruwan sama, ga koguna sun cika, ga masu ɗaukar kaya yunwa ta galabaitar da su. Ɗaya daga cikin 'yan mishan ɗin, mai suna Weller, a kan hanya ya rasu. Sauran suka isa bakin teku a watan Yuli. Karo na biyu ke nan da wannan mata da mijinta suka bar Kumasi da ransu kawai.

A ƙarshen 1901 Ramseyer ya sake komawa Kumasi, ya fara gini daga tushe. Rosa ta rasu a Suwizalan a 1906, bayan shekaru arba'in suna tare. A 1907 aka kammala majami'ar da ya gina a unguwar Adum, wadda a yau ake kira da sunansa. Ya bar Gwalkwas a 1908, shekaru 44 bayan zuwansa na farko, kuma ya rasu a garinsu Neuchâtel ranar 6 ga watan Agusta na 1914, a makon da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Abin da ya biyo baya

Shekara guda kafin rasuwarsa, wato a 1913, Mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yendi, wadda a lokacin ke ƙarƙashin mulkin Jamus. Yaƙi ya sa aka rufe ta a 1916, sannan daga ƙarshen 1917 gwamnatin Ingila ta kori 'yan mishan ɗin daga Gwalkwas saboda alaƙarsu da Jamus. Wato gwamnatin da Ramseyer ya dogara da ita a 1896, ita ce ta kori abokan aikinsa. Abin da ya riƙe ikilisiyar a wannan lokaci shi ne fastoci da malamai 'yan ƙasa da aka horas a hankali cikin shekarun jira, tare da taimakon 'yan mishan daga Scotland. A 1926 ta ɗauki sunan Presbyterian. Shi kansa Sarki Prempeh ya karɓi addinin Kirista a Seychelles, ya dawo Kumasi a 1924. A Agogo, ɗaya daga cikin garuruwan da aka ratsa da Ramseyer yana fursuna, an buɗe asibitin mishan a 1931. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ikilisiyar ta sake fuskantar arewa, ta kai Salaga da Tamale, kuma a shekarun 1950 ta karɓi ragamar asibitin Bawku da muka ambata a farko. A Abetifi kuma akwai cibiyar horas da ma'aikatan ikilisiya mai ɗauke da sunansa.

Ramseyer bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya gani shi ne kabarin ɗansa a gefen hanya, juyowa daga Fomena, shekaru ashirin a Abetifi, da tokar tasharsa a 1900. Dogaronsa ga Allah bai hana ko ɗaya faruwa ba, bai kuma hana shi kuskure ba. Amfanin da ya yi masa shi ne, duk safiya yakan tashi ya yi aikin ranar ba tare da ya san yadda ƙarshe zai kasance ba, kuma bai bar ƙiyayyar waɗanda suka kama shi ta zauna a zuciyarsa ba. Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci. Ga mai jiran sakamakon asibiti, ko mai jiran ɗan'uwan da aka tsare, ko wanda rikici ya raba da gidansa, wannan tarihi na nuna cewa kwanakin jira su ma kwanakin rayuwa ne, kuma akwai aikin da za a yi a cikinsu.